Manhajar da Ta Ba Mutum Biyu Ruwan Rana Ɗaya

Duk ƙauyenmu sun tafi a kan cewa mai albasa ƙarya ya yi. Masu ganin sun fi kowa wayo kuma suka ce tsohuwar gaba ce ta kan iyakar gona tsakaninsa da Baffana, aka fake da ruwa. Duk ba haka ba ne. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, iyaka kuma ba ta shigo ciki ba. Layi huɗu na rubuta a kwamfuta, cikin gaggawa kamar yadda nake yin komai, su suka sa aka sari hannun mutum ɗaya har ƙashi, aka karya wa ɗaya haƙarƙari.

Shekarun nan ne da fetur ya gagari talaka, taki ya koma sai dai kallo. A wajenmu, can ɓangaren Tofa, gonaki a manne suke da juna, in ka yi tuntuɓe a taku a ta maƙwabci za ka faɗi. Abin da damina ke bayarwa ba ya kai gida rabin shekara, don haka kowa ya koma noman rani. Mutum biyar suka haɗu a kan injin ban-ruwa ɗaya da rijiya ɗaya a fadama: Baba, ƙaninsa da muke kira Baffa, wani maƙwabcinmu da ba ya shuka komai sai albasa, da wasu dattawa biyu. Rijiyar kafin azahar ta ƙafe, sai ta kwana take sake tara ruwa. Gona ɗaya ke nan ke sha a rana.

Baba da Baffa kwana bibbiyu gare su a mako saboda gonakinsu sun fi girma, sauran ukun ɗaiɗai. Kowane mako kuma jerin yana gusawa da kwana ɗaya, don kada wani ya riƙa faɗawa ranar Juma'a ko ranar kasuwa kullum. Babu mai iya riƙe wannan a ka. Da can sanda suke amfani da ita, an ɗaura mata jan tsumma, wanda ya sha yau ya kai ta gidan mai shan gobe. Sandar ta sha kwana a gidan da ba nata ba. A kanta aka taɓa fasa wa Baba baki, haƙorinsa na gaba ya tafi, ya shigo gida jini har wuyan riga yana cewa Inna ta ba shi ruwan gishiri.

Ni a lokacin na gama sakandare ina zaune, ina soya awara a ƙofar gida. Sai aka ce wata malama ta buɗe aji a wani shago a Rijiyar Zaki tana koya wa 'yan mata rubuta manhaja, har tana ba da aron tsofaffin kwamfutoci a tafi da su gida. Sau biyu a mako nake zuwa. Harshen kwamfuta biyu ta sa mu a gaba, Python da Haskell, wai sai mun ɗanɗana duka biyun za mu san abin da muke yi.

Python na so tun ranar farko. Yadda Malama ta fara koya mana shi, umarni ne zalla, abin da take kira imperative. Ki ce wa kwamfuta: ajiye wannan lamba a nan, ƙara mata ɗaya, maimaita sau goma, share wancan. Ta yi, ba musu. Ni kuwa haka nake son duniya ta kasance. Shi Haskell, wanda take kira functional, ba a ba shi umarni. Sai dai ki bayyana masa: in an ba ka kaza, amsa ita ce kaza. Lamba in kin sa mata suna ta zauna ke nan, ba za ki dawo ki canza ta ba. Ki yi ɗan kuskure ya ƙi motsi gaba ɗaya, ya cika miki fuskar kwamfuta da ƙorafi. Akwai ranar da na naushi tebur saboda shi har ɗan yatsana ya kumbura.

"Malama, harshen nan fa girman kai gare shi," na ce. "Ni na ce ya yi, shi yana tambayata dalili."

"Kin gamu da daidai ke," ta ce. "Zauna ki karanta abin da ya ce miki."

Ban karanta ba. Na rufe shi na koma Python.

Wata biyu da fara zuwa ajin na ce wa Baba su jefar da sandar nan, zan sa kwamfuta ta riƙa faɗa musu mai shan gobe. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar ya sa mini suna Injiniya. Wanda ya fara yarda shi ne mai albasa. Ya ce na'ura ba ta da ƙani, ba ta da maƙwabci, shi ya fi amincewa da ita a kan tsumma. Sauran suka bi.

A zama ɗaya na rubuta ta. Lissafin gusawar mako daidai na yi shi, ba nan matsalar take ba. Tana cikin layi huɗun ƙarshe: ɗauko lambar da ke ajiye a fayil, nuna sunan da ya dace da lambar, ƙara mata ɗaya, mayar da ita fayil. Kullum bayan asuba in danna sau ɗaya, ta ba ni sunan mai shan gobe, Baba ya faɗa a masallaci da azahar. Mako biyar ko cacar baki ba a yi ba. Na fara tafiya ina ɗaga hanci.

Ranar da abin ya lalace Baba ya yi sammakon jana'iza a wani gari. Na danna, ta ce Baffa. Na leƙa ta kan danga na gaya masa. Masallaci kuwa ba wanda ya faɗa. Bayan la'asar ina tsakiyar suya, mai albasa ya yi sallama a zaure.

"'Yar boko, gobe wa ke sha? Ban ji an faɗa ba."

"Baffa ne, Malam."

"Baffa ne a bakinki, ko Baffa ne a na'ura?"

"Duk ɗaya ne."

"Ba ƙaryata ki nake ba, 'yata. Albasata ce ta fara kwanciya. In na gani da idona hankalina ya fi kwanciya."

Dattawan wajenmu haka suke. "An ce" ba ya shiga kunnensu, ko awon hatsi ne sai an zazzage an sake a gabansu. Ban taɓa kawo wannan a raina ba lokacin da nake rubutu, ni kaɗai na ɗauka zan riƙa tambayarta. Na shiga ciki da tsaki, na ɗauko kwamfutar, na ɗora ta a kan dakali, na danna. Sunansa ya fito. Karatun boko bai yi ba, amma sunansa ya san shi.

Ya kalli fuskar kwamfutar, ya kalle ni. "To, 'yar boko. Ita dai ba ta da Baffa."

Na ga sunan ba na safe ba ne. Na gani sarai. Amma kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, ga ƙaurin mai yana zuwa daga cikin gida. Na ce a raina na'ura ba ta kuskure, ni ce barci bai sake ni ba da safe.

"Haka ne, Malam, ni na karanta ba daidai ba. Gobe taka ce."

Na rufe ta na ruga kan awara da niyyar in na kwashe zan gaya wa Baffa. Ban gaya masa ba. Na manta, shi ke nan, ba wani dalili.

Washegari rana ta ɗan ɗago Inna ta ba ni kunu in kai wa Baba fadama, yana cirar ciyawa a tumatirinsa. Tun daga nesa na ji muryoyi. Mai albasa ya riga kowa zuwa, ya zuba fetur ɗinsa, ya ja tiyo zuwa gonarsa, ruwa har ya fara gudu. Baffa na tsaye da galan a hannu.

"Kashe injin nan."

"Ba zan kashe ba. Yau tawa ce, da idona na gani."

"A mafarki?"

"A na'urar gidanku. Ku tambayi yarinyar, ga ta can tafe."

Baffa bai ko waiwayo ba. Ya sa ƙafa ya shure tiyon, ruwa ya watsu a hanya. Mai albasa ya ture shi a ƙirji, Baffa ya faɗa kan injin, salansa mai zafi ta kama masa ƙwauri. Ya miƙe da shebur ya maka wa mai albasa a kafaɗa. Shi kuwa fartanya ce a hannunsa. Ya kai sara, Baffa ya tare da hannu, ƙarfen ya shiga ƙasan gwiwar hannun da wata ƙara kamar an sari rake. Sai da na ga farin ƙashi kafin jinin ya taso.

Baba ya tsallake kunya uku ya faɗa kan mai albasa. Manyan 'ya'yan Baffa biyu suka taho daga gonar gefe. Suka kai mai albasa ƙasa, suna harbinsa a haƙarƙari, ɗaya ya danne masa kai cikin taɓon hanyar ruwa. Duk sa'ad da ya samu ya ɗago, bakinsa cike da laka, abu ɗaya yake faɗa: "Ku tambayi yarinyar." Sai a sake dannawa. Injin yana ta aiki ba mai kula shi, ruwan da aka yi faɗa a kansa yana bin hanya ja-ja. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu shi ya kashe injin, ya zo ya kwanta a kan mutumin ya ce sai dai a haɗa da shi. Sannan suka tsaya.

Ina tsaye taku ashirin daga wurin. Kwanon kunu ya suɓuce ya ƙona mini ƙafa ban ji ba. Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa, ko tari ban yi ba.

Aka ɗora Baffa a mashin zuwa asibiti, aka ɗinke hannun, amma yatsunsa biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Mai albasa a baro aka kai shi gidan mai ɗori.

Kwana biyu bayan haka mai unguwa ya zauna a kan maganar. Mata ba sa zuwa wurin. Baba ne ya taso daga zaman ya same ni a tsakar gida, bayan hannunsa duk a saɓule.

"Ke, ranar nan me na'ura ta ce?"

"Da safe ta ce Baffa."

"Ya ce wai kin nuna masa sunansa."

Na kalli hannun nan nasa. "Da safe ta ce Baffa," na sake cewa.

"Ɗauko ta a gani."

"Ba caji."

Gaskiya ne babu cajin. Gaskiya ne kuma ban kai ta a sa mata ba, don na fara zargin abin da za ta nuna. Baba ya koma ya ce yarinya ta ce Baffa ne. Aka yanke hukunci: mai albasa ya yi ƙarya, ya kuma yi sara, an cire shi daga injin har ƙarshen rani. Kwanansa aka raba wa sauran, mai unguwa ya riƙe jerin da kansa.

Na daina zuwa aji. Na tura kwamfutar ƙarƙashin gado.

Kwana tara bayan faɗan na kai waken awara injin markaɗe, na tarar da matar mai albasa a layi. Sa'ar Inna ce, ita ta taɓa goya ni lokacin da Inna ba ta da lafiya. Ta ajiye robarta ta zo har gabana.

"Kin nuna masa ko ba ki nuna masa ba?"

"Umma, ni markaɗe na zo."

Ta ɗauke ni da mari. Ni kuwa ba a marina in tsaya. Na cakumi mayafinta, muka zube cikin ƙullun da ya malala, ta buga kaina da bakin tasa, na cije ta a dantse har na ji ɗanɗanon jini, ta sa farce ta ja daga kuncina zuwa wuya. Da ƙyar aka ɓamɓare mu. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne duk matan wurin bayana suka bi. Suna kakkaɓe mini zane suna ce mata matar maƙaryaci. Tana zaune a ƙasa ba ɗankwali, ba ta ko kalle su ba.

"Albasar nan ita ce abincinmu na bana," ta ce mini. "Ki je ki gan ta."

Kwana biyu bayan nan na jawo kwamfutar na tafi Rijiyar Zaki. Na sa ta a caji a shagon, na ce wa Malama manhajata tana rikicewa. Ban ce mata komai game da jini ba. Ta kalli kuncina.

"Wa ya yakushe ki?"

"Kaza."

"Kaza mai farce huɗu a jere. To. Kawo in gani."

Ta danna, suna ya fito. Ta sake dannawa, wani ya fito. Ta danna na uku, wani daban. Ta buɗe rubutun, ba ta yi minti ɗaya tana karantawa ba.

"Wa ya ce ki haɗa tambaya da taɓawa a wuri ɗaya? Duk wanda ya tambaye ta wa ke sha gobe, sai ta amsa kuma ta tura rana gaba. A wajenta tambaya biyu kwana biyu ne."

"Ai sau ɗaya nake dannawa."

"Kullum?"

Na shafa yakushin da ke kuncina.

"Sandar nan da kika ba ni labari, ita kika ɗauka kika cusa cikin kwamfuta. Sai dai taki kowa ya kalle ta sai ta yi tsalle zuwa gidan gaba. Kasuwar ƙauyenku yaushe take ci?"

"Laraba."

"In na sake tambayarki fa?"

"Laraba mana, Malama."

"A aljihun wa take kwana?"

"Ba kowa."

"To haka za ki rubuta aikin. Ki ba shi kwanan wata, ya ba ki suna. Kada ya ajiye komai, kada ya tuna komai."

"Laifin Python ne ke nan," na ce, don ina neman wanda zan ɗora wa.

"Ba laifinsa ba ne. A Python ma za ki iya rubuta shi yadda na ce. Bambancin, shi ya ƙyale ki, bai ce miki uffan ba. Da Haskell ne, sai kin rubuta a goshin aikin cewa wannan yana taɓa fayil, kowa ya gani, ke ma ki gani. Abin da kike kira girman kai ke nan. Buɗe shi."

Daga azahar har la'asar ina kokawa da layi uku. Haskell ya ƙi, ya sake ƙi. Na ɗaga kwamfutar sama zan maka ta da bango, Malama ta ce ba tawa ba ce, in ajiye. Na ajiye. A karon farko na karanta ƙorafin nasa har ƙarshe, sai na ga rubutu nake ba shi a inda yake jiran lamba. Na gyara. Abin da na bayyana masa bai fi haka ba: ƙirga kwanaki daga ranar da aka fara, haɗa da yawan makon da ya wuce, raba bakwai, ragowar ita ke nuna mai shan ruwa.

Tsohuwar manhajar ba a iya tambayarta ranar da ta wuce. Abin da ta sani kawai shi ne lambar da aka bar mata a fayil, ba ta san wa ya taɓa ta ba, ko sau nawa. Wannan sabuwar duk ranar da kika ga dama ki ba ta. Na ba ta ranar faɗa. Baffa. Na sake, Baffa. Sau goma na yi ina bugun madannin kamar zan huda shi, Baffa. Na ba ta washegari, sunan mai albasa ya fito.

Kwana ɗaya ne tsakaninsu. Baffa yana da gaskiya, mai albasa ma abin da ya gani ya faɗa. Da ban danna na biyun ba, da ya tafi gida ya jira kwana ɗaya ya sha ruwansa.

Na ci gaba da ba ta ranaku. Kwanansa biyu sun riga sun wuce ba ruwa. Na uku jibi ne.

Da na sauka mota ban bi hanyar gida ba, na bi ta fadama, rana ta yi ja. Gonaki huɗu kore shar, ta biyar ganyenta ya kwanta, bakinsa ya yi ruwan ƙasa, ƙasar ta tsattsage. Matarsa da 'ya'yanta mata biyu suna jido da bokiti daga wani kududdufi mai nisa, fangali biyu kawai suke iya jiƙawa a cikin ashirin. Na tsuguna na tona ɗaya da yatsa. Kan albasar bai mutu ba tukuna, amma ya fara laushi. In ta samu ruwan jibi wata za ta tashi. In aka ƙara mako, sai dai a ba awaki.

Matar ta hango ni. Ta sauke bokiti, ta ɗauki hoge ta jefo. Ya same ni a kafaɗa ya farfashe, ƙasa ta cika mini hijabi. Ta ɗauki na biyu. Na rungume jakar kwamfutar na tsaya. Ban rama ba, ban kuma gudu ba, har ta gaji ta saki hogen ta koma kan bokitinta.

A gida na sami Inna a madafi, na gaya mata duka, tun daga zaure har "ba caji". Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kin san babanki karya ki zai yi."

"Na sani."

"Baffanki ba zai sake kallonki ba. 'Ya'yansa kuwa kin ga abin da suka yi wa namiji."

"Na gani, Inna. Ina tsaye."

Ta koma kan tuwonta, ni kuwa ban nemi izininta ba. Na riga na yanke. Gobe bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zama a ƙofar gidan mai unguwa, zan je ba tare da an kira ni ba. Zan ajiye kwamfutar a kan tabarma, in danna tsohuwar manhajar sau uku su ga suna uku da idonsu, tunda da ido suke yarda. Sannan in faɗa da bakina cewa na nuna masa sunansa, na ce masa ranar tasa ce, da aka tambaye ni kuma na ɓoye. Ba zan tashi daga wurin ba sai an ce jibi a ja tiyo zuwa gonarsa. Baba ba zan gaya masa ba, don in ya ji kulle ni zai yi a ɗaki. Zai ji a can tare da kowa.